Sakkwato a Saman Shafin Gurbin Bore

Har yau ranar da Malam Haliru ya tsaya a bayana yana nuna allon kwamfuta da sandarsa ba ta fita raina ba. Lokacin Jihar Zamfara tana sabuwa, an fara Shari'a, mu samari kanmu ya kumbura. Ni ne ma'aikacin kwamfuta na wata ƙungiyar manoman gero da dawa a Ƙaura Namoda, shi kuma sakatarenmu ne, tsohon hedimasta ɗan Gurbin Bore.

An sa ni in haɗa mana shafin intanet, kowane gari da nasa. A saman kowane shafi akwai ɗan layin da muke kira sawu: Najeriya, Zamfara, Zurmi, Gurbin Bore. Da shi baƙo ke gane inda yake, da shi kuma injin bincike ke sanin gari a ƙarƙashin ina yake, ya miƙa shi ga mai nema.

Malam ya ce, "Ɗana, ina Sakkwato?"

Na ce, "Baba, ai mun bar Sakkwato."

"Mu munka bar ta. Wanda yat tahi tun da can bai san da wata jiha Zamfara ba."

Ashe ƙanensa Sani ya tafi Makka da ƙafa tun suna samari, ya maƙale a Sudan, wasiƙa ta yanke. Malam ya ce, "In ɗiyanshi sunka nemi gida, da sunan da ubansu ya hwaɗa musu za su nema."

Na yi dariya, na ce layin zai yi tsawo. Gaskiyar magana, ban so tsohon suna a kan sabon aikina ba. Ya ce, "To, kai ka san aikinka." Duk Litinin sai ya leƙo ya ce, "Akwai saƙo?" In ce babu.

Bayan damina biyu Allah ya yi masa rasuwa. Na dawo daga gaisuwa, na ga kujerarsa, kewa ta kama ni. Na zauna na ƙara "tsohuwar Jihar Sakkwato" a sawun. Aikin minti biyu.

Ba a kai ga girbi ba saƙo ya shigo da Larabci. Limaminmu ya fassara mini. Ɗan Sani ne. Ya ce shekara uku yana rubuta Sakkwato da Gurbin Bore da haruffan boko a injin bincike, sai yanzu ya ga gida. Mahaifinsa ya rasu bara yana tambayar yayansa Haliru.

Tun ranar, duk wanda ya kawo mini aiki sai na tambaye shi, mai nemanka da wane suna ya san ka? Ku yaran yanzu kun fi ni iya injin, amma ku riƙa jin ta tsofaffi. Ni dai har gobe in Litinin ta yi nakan dubi ƙofa. Da ma ya leƙo sau ɗaya, in ce masa, "Baba, akwai."