Mardiyya Mai Yawon Almuru

Da almuru, lokacin da matan ƙauyukan Dumega ke janye 'ya'yansu ɗaki kada su yi gamo da iska, a lokacin Mardiyya ke rufe ɗan gidan likitan da take aiki, ta rataya jaka ta fita. Takan yi sallama, ta samu lungu ta tsuguna shiru, tana kallon yadda yara ke kai hannu cikin kwanon tuwo. Shekara da shekaru haka take. Wa zai ga laifin masu raɗa cewa mayya ce? Duk wanda ya yi kiciɓis da ita a duhun zaure, sai tsigar jikinsa ta tashi.

Ku tambayi gidan Umaru mai shago. 'Yarsa Afra'u da rana ras take, amma rana na faɗuwa sai ta ƙame, ido buɗe, tana lalube, tana kiran uwarta da ke tsaye a gabanta.

Kakarta ta ce, "Doguwa ta shahe ta. A kiro masu goge."

Umaru ya ce, "Inna, ba a bori gidana. Ruƙiyya za a yi."

Uwa da ɗa suka yi ta ja-in-ja, yarinya kuwa na kulle a ɗaki, idonta na ƙara bushewa.

Ranar da Mardiyya ta zo, ta ga hannun Afra'u ya wuce kwano ya dafa ƙasa. Ta haska mata tocila a ido: farin idon ya bushe ƙamas, ga wani tabo kamar kumfar sabulu, fatar jiki duk kaushi.

Ta ce, "Inna, Malam, dundumi na, bitamin A ɗiyag ga ta rasa. In munka tsaya gardama idon lalacewa zai yi, kuma ba shi dawowa."

Ta fasa jar ƙwayar magani ta tsiyaya wa yarinyar a baki, ta ce a riƙa ba ta hanta da zogale da manja. Kafin kasuwa ta zagayo, Afra'u na tsintar tsakuwa da magariba.

Mardiyya, ke ce kika gane cewa ciwon da ba ya fitowa sai da almuru, ba a zauna jiransa a gidan likita da hantsi. An tofar da yawu a bayanki, an ɓoye miki yara, ba ki fasa ba. Mun ji kunya, kuma mun gode, uwar masu gani. Masu tasowa a wannan aiki, ku ma ku fita ku duba.

Bana Mardiyya ta ajiye aiki, tsufa ya rage mata gani. Har yanzu takan fita da almuru, sai dai yanzu akwai budurwar da ke riƙe da hannunta tana ce mata, "Inna, ga rami nan." Afra'u ce.