Bututu Biyu a Maƙerar Tanko

Ranar wata Laraba ce, ranar kasuwar garinmu, a shekarar da aradu ta faɗa kan kukar bakin masallaci. An gama yankan gero, ba a fara dawa ba. Baba ya sa ni na ɗauko bindigarsa a cikin tsohon buhu, ya sa ƙanena Sale ya riƙo masa buta, muka bi shi zuwa maƙerar Tanko. Bindigar adaka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Bututunta ya tsage tun da damina, ranar da Baba ya harbi gada ya dawo gida da ƙonanniyar gira, babu gadar. Muna isa Tanko ya ajiye masaba, ya shiga zaure ya fito da bututu biyu, ya shimfiɗe su a kan tabarma. Ɗaya gajere ne mai faɗin baki, babban yatsan Baba yana shiga har gaɓa. Ɗayan dogo ne siriri, na sitiyarin wata tsohuwar mota, ƙaramin yatsa ma da ƙyar yake shiga. "Ga su nan, Mati, zaɓi," in ji Tanko. "Amma kar ka sake dawo min da gira ɗaya, matarka ta ce ni na yi maka aski."

Duk wanda ya tashi a gidan maharba ya san abin da wannan zaɓi yake nufi. Mai faɗin baki yana cin albarushi da yawa, a zuba masa 'ya'yan boris na keke cike da tafi, ya watsa su gaba ɗaya. Na kurmi ne, na gada da zomo da zabi, abin da ya tashi kusa da ƙafarka. Amma yana harbin mai shi kamar jaki, sai mai kafaɗa. Siririn kuwa dalma ɗaya ake sa masa, tana tafiya nesa. Na barewa ne a fili, wadda ba ta yarda a matso ta. Ba ya dukan kafaɗa sosai, ido yake so, da mutumin da zai kwanta rubda ciki har tururuwa ta bi ta kansa bai motsa ba. Bututu mai kyau yana daɗewa fiye da sauran ƙarfin dattijo. Baba ya fara furfura, gwiwarsa ta hagu tana kumbura. A gidanmu idan maharbi ya kai nan ya canja bututu, ba kansa yake zaɓa wa ba. Haka kakanmu ya yi a tsakanin Baba da 'yan'uwansa, kuma mun ji labarin har ya ishe mu.

Ni ne babba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da Sale, tazararmu kaɗan ce, amma na fi shi nesa a jiki. Ban san shekaruna ba a lokacin, na dai fara kai azumi har magariba. Ni ke ɗebo ruwa daga rafi kafin rana ta fito. Ni ke ɗaukar dammin gero daga gona zuwa rumbu. Ni ke daka gawayin albarushi a ƙaramin turmin da Inna ta hana a sa a tsakar gida, ni ke narka dalma a gwangwani a bayan ɗaki har idona ya yi ja. A dandali idan ana langa ba mai son ya haɗu da ni. Sale kuwa siriri ne, yana yawan tari, ba ya magana. Aikinsa ya zauna a gindin rumbu da danƙonsa yana jiran kurciya tun hantsi, har Inna ta manta ba ta ba shi fura ba. Dutse ɗaya yake sa wa, kuma ba ya kuskure. Ni idan kurciya ta sauka tsakuwa nake dumtsa in watsa musu, wata rana in samu biyu, wata rana in fasa wa Inna tulu. "Idi ƙarfi, Sale ido," haka take cewa, tana dariya. Ban taɓa jin zafin maganar ba sai ranar Larabar nan.

Baba ya fara ɗaukar mai faɗin. Ya auna nauyinsa a tafi, ya ɗaga shi ya leƙa rana ta ciki, ya ƙwanƙwasa shi da zobe ya saurara. Na cire rigata kamar zafin wuta ne ya dame ni, na gyara tsayuwa inda zai ga kafaɗata. Tanko ya gani. "Mati, ɗan nan naka yana ta kumbura kamar kwaɗo, ko kunama ce ta harbe shi?" Masu jiran gyaran lauje suka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ajiye mai faɗin a hankali, ya ɗauki siririn, ya daɗe yana leƙa cikinsa. "An share kurmi an yi gona," in ji shi. "Abin da ya rage ya koyi nisa. Sa wannan." Tanko ya kafa bututun a ƙasa don a auna inda za a yanke, domin tsawon bututu da tsawon mai shi ake haɗa su. Baba bai tashi ba. Ya ce, "Sale, taso." Aka tsayar da shi jikin ƙarfen, Tanko ya ja layi da gawayi sama da kafaɗarsa kaɗan, wai zai ƙara tsawo. Ni kuwa aka ce in zauna in yi zuga, tunda na riga na tuɓe.

Haka na yi ta zuwa maƙera har kasuwa ta zagayo ta sake zagayowa. Ni na zuga wutar da aka toshe gindin bututun, ni na riƙe shi da awartaki aka huda ƙofar wuta, ni na goge tsohuwar ƙota da ganye mai kaushi har ta yi santsi. Sale yana zaune a inuwa yana kallo, don hayaƙi yana tayar masa da tari. Da aka gama aka kai bindigar bayan gari aka ɗaure a jikin tsamiya, aka ɗura mata albarushi ninki biyu, aka ɗaura doguwar igiya a kunamarta. Sabon bututu ba a fara gwada shi a kafaɗar mutum. Ni aka ba igiyar. Na ja daga bayan suri, ta yi ƙara, tsuntsaye suka tashi, bututu bai tsage ba. Sai Baba ya kwance ta, ya ɗura da hannunsa, ya wuce ni ya miƙa wa Sale. Aka kifa ƙwarya a kan kututture can nesa. Sale ya kwanta. Ya daɗe har mutane suka fara tsaki. Ƙwaryar ta tarwatse.

Kafin damina ta dawo ya harbi barewarsa ta farko. Ni na saɓo ta a wuya tun daga fadama, jininta yana bin bayana yana shiga wandona, ƙudaje suna bina. A ƙofar gida mata suka yi guɗa, suna kiran sunan Sale. Na ce ba zan ci naman ba. Na kai har la'asar, yunwa ta fi ƙarfina, na ci, kuma ya yi daɗi, wannan ma ya ƙara min haushi. Na daina tafiya gona tare da shi. A langa shi nake nema in kayar. Bai taɓa kai ƙarata ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne idan yana goge bindigar da man gyaɗa ya ɗago ya ce, "Yaya, zo ka riƙe ka ji." Sau ɗaya na tambayi Baba dalilin da ya sa bai ba ni ba, muna noman dawa, daga ni sai shi. Bai ɗago daga kunyar da yake nomewa ba. "Kai ba ka iya jira ba," in ji shi. Ya ci gaba da noma. Gaskiya ya faɗa, amma ba ta sanyaya min komai ba.

Da gemu ya fara fito min na bar gida. Na yi dako a Kano, na haƙa zinariya a Nijar, rami ya rufta da mu na fito wasu ba su fito ba. Baba ya rasu ina hanya, labari ya same ni bayan an yi sadakar arba'in. Yanzu ina Dubai. Ina kwana a Sonapur, unguwar leburori, ɗaki ɗaya da 'yan Nijar da wani ɗan Gana mai minshari. Motar kamfani tana kwashe mu da asuba, direba yana ta yalla yalla, wato mu yi sauri, ta ajiye ni a wani fili da ake gini can bakin hamada. Gadi nake yi. A nan barewa suke zuwa har jikin wayar shinge su tsaya suna kallona, ba sa tsoron kowa, domin wanda ya taɓa su sai ya bar ƙasar. Kwanaki na ɗauki hotonsu na tura wa Sale. Ba don zumunci na tura ba. So nake ya ga abin da ya daɗe bai gani ba.

Ya kira ni da yamma, yana dariya yana tari. Ya ce rabonsa da barewa tun kafin a yaye babbar 'yarsa, daji duk ya zama gona, birai ne kawai ke damun masara. Ya ce bututun ya cinye, ya kai wa ɗan Tanko ya sa mai faɗin baki, ya harba sau ɗaya ya yi mako yana ɗaure da kafaɗa. "Tana nan rataye, Yaya. Irin taka ce yanzu. Ka dawo ka ɗauka." Na ce to, na kashe waya. A da akwai daji, akwai kafaɗa, akwai mai bayarwa. Yau kafaɗar dako ya cinye ta, sallama ma sai na juya da jikina duka. Na zauna a bakin ƙofar filin ina kallon barewa har suka gaji suka tafi. Sale yana da kirki, kullum yana da shi. Amma ba daga hannunsa na so in karɓa ba.