Saniyar Ware

Jiya a wajen ɗaurin aure a Sheme, ina zaune ni kaɗai, na ji wani yana raɗa: "Rabu da Malam, saniyar ware ne."

Sai na tuna zamanin da kuɗin fetur ke ambaliya. Na zo hutu daga kwaleji, na iske kawuna a Daudawa ya ɗaure wata saniya nesa da garke.

"Kawu, laifin me ta yi?"

"Wane laifi? Ciwo gare ta. Ita nake fara ba dussa."

Ashe a da, wadda aka ware ita ake jinya. Ni tunda na bar aiki, ko sannu babu.

Jama'a, yaushe muka riƙe sunan, muka yar da dussar?