Jar Rigar da Noelene Ta Ɗinka

Noelene Tuckwell maƙwabciyata ce, tela, kuma bakinta ba ya hutawa. Tun ina amarya nake jiyo ta ta katanga tana yi wa mijinta Merv tsiya. Merv ɗan sa-kai ne a 'yan kwana-kwanan garinmu, kuma duk shekara shi ne Baba Kirsimeti. Yakan hau bayan motar kashe gobara yana watsa wa yara alewa, gumi na tsiyaya ta cikin gemun roba.

A nan Kirsimeti a tsakiyar bazara take zuwa, kuma bara zafi ya sumar da shi a cikin tsohuwar rigarsa ta ulu. Shi ya sa bana Noelene ta ɗinka masa sabuwa da yadin leda mara nauyi, ta ishe mu da alfahari.

Ranar Kirsimeti tun da hantsi iskar arewa ke busowa kamar daga bakin tanda. Hukuma ta hana hura wuta, ko ta gashin nama, sai muka zauna a barandarta da jatan lande a kan ƙanƙara da mangwaro, kowa da hular takarda a ka. Muna jin jiniyar motar tana zagaya unguwa a hankali. Can sai jiniyar ta canza murya, motar ta wuce mu a guje ta nufi dajin itacen turare, inda hayaƙi ya turnuƙe. Na hango jar rigar Merv a bayanta.

Noelene ma ta hango. Ta ajiye cokali ta ce, "Glenys, yadin nan ba ci da wuta yake yi ba, narkewa yake, ya manne a fata. Ni na sa masa."

Na ce ai dole ya sauya kaya kafin su isa. Ta ce yaushe na taɓa ganin Merv ya tuna abin da ba ta tuna masa ba. Gaskiya tsoro ya kama ni.

Ƙanƙara ta narke, ƙudaje suka samu gari. Toka ta riƙa sauka a kan faranti. Wayar Merv na ta ƙara ba a ɗauka. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shirun Noelene.

Sai gab da faɗuwar rana ya shigo cikin kayan aikinsa, fuska baƙi ƙirin, jar rigar a naɗe a hammata, ko ƙwarzane babu.

"Cire ta na fara yi, tsohuwa," in ji shi. "Na ce in ta ƙone, ke za ki kashe ni."

Noelene ba ta yi dariya ba. Ta karɓi rigar, ta ɗauko babban almakashinta, ta tsarge ta tun daga wuya har ƙasa.

"Baɗi ka suma a cikin ulun," ta ce. "Mai suma yana farfaɗowa."