Mai Sanyi da Ɗakin Tsohuwa

Shekara talatin ba ɗaya ya yi yana bin gidajen mutane yana gyara musu na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke kira esi, har sunansa ya ɓace a bakin jama'a, aka koma ce masa Mai Sanyi. Matarsa ce kaɗai ba ta yarda da sunan ba. Takan ce tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ganin rigarsa a bushe ba, in da gaskiya za a bi, Mai Gumi ya kamata a kira shi.

Da gyaran firji ya fara, yana saurayi, a shagon wani ƙanin mahaifiyarsa. Da esi ta fara yawa a gari, ya ga kowa na saye amma ba mai wankewa, sai ya ɗaure tsani a bayan babur ya shiga unguwanni. Aikin ba shi da wani sirri. Ka kashe wuta, ka buɗe murfi, ka zare ragar da ke tace iska, ka wanke ta da sabulu da burushi, ka busa bututun da ruwa ke bi ya fita, sannan ka zagaya waje ka hau ka duba injin da ke maƙale a bango, inda rana ta fi duka. Masu gida suna ciki suna jiran sanyi, shi yana waje injin yana hura masa zafi a fuska.

Da tafiya ta yi nisa, ya kai ga yana gane gida daga ragarsa. In mai gida yana shan taba, ragar takan yi ruwan ƙasa tana danƙo. In ana suya ƙofar kicin a buɗe, maiƙo ne zai kama masa yatsu. Akwai gidan da gashin kyanwa ke toshe ragar kamar an shimfiɗa mata bargo, akwai na masu fesa maganin sauro su rufe ƙofa, wanda da ya zuba wa ragar ruwa warin zai taso ya shaƙe shi. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani ba. Ya wanke, ya mayar, ya kunna, ya miƙa rimot, ya ɗaure tsaninsa.

Duk wannan datti kuwa ba a bokiti kaɗai ya tsaya ba. Yana da shekara hamsin da 'yan kai ƙirjinsa ya fara ƙara in ya hau bene, gwiwarsa ta dama kuma ta fara gardama da tsani. Da safe sai ya zauna bakin gado ya yi tari mai tsawo kafin ya iya neman takalminsa. Babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya a wani asibiti, ta kawo masa abin rufe hanci kwali guda. Ya sa kwana biyu, ya ce yana hana shi numfashi, ya cusa sauran a ƙasan akwatin kayan aiki.

A wannan shekarar ce, ana tsakiyar zafi, wani manajan kamfani ya kira shi. Gidan sabo ne, bene hawa ɗaya, ko'ina gilas da tayil. Manajan ya tare shi a bakin ƙofa da waya a kunne, ya yi masa nuni da hannu ya biyo shi. Sai da suka kai wani ɗaki a ƙasa, can ƙarshen baranda, sannan ya sauke wayar.

"Ɗakin mahaifiyata ne," in ji manajan. "Wata biyar ke nan da na ɗauko ta daga gida ta dawo wurina. Esin ba ta sanyi yadda ya kamata, ga shi ita kuma tari ya ƙi barinta. Ina ganin ƙarama ce. Ka duba, in ta kama a cire a sa babba, a sa."

Tun kafin ya shiga warin ya gaya masa rabin labarin. Wari ne irin na rigar da aka ninke ba ta gama bushewa ba, an bi shi da turaren fesawa don a danne. Tsohuwar tana zaune a bakin wani ƙaton gado, ta lulluɓe da bargo har wuya, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, gwiwar ta yi ƙara.

"Sannu, ɗan nan," ta ce. "Kai ne mai kashe wannan abu?"

"Mai gyara shi ne, Mama."

"Ayya. Na ɗauka an samo mai kashewa."

Furfura ta riga ta cinye masa rabin gemu, amma ya ji daɗin ɗan nan ɗin, don ya daɗe bai ji wani ya kira shi haka ba. Ya kafa tsani ya hau ya buɗe murfin. Ragar ba ta ganuwa. Funfuna ce baƙa ƙirin ta bi ta, ta bi fankar ciki, ta bi bakin da iska ke fitowa. Bututun ruwa ya toshe, ruwan ya rasa hanya ya koma bin bango ta bayan durowar kaya. Ya sauko ya ture durowar, ya ɗaga gefen kafet. Ƙasan a jiƙe yake sharkaf, ya yi baƙi. Ya juya wajen taga, ya yaye labule mai kauri, ya tarar an bi gefunanta da salatef an liƙe, ko allura ba za ta wuce ba.

"Wa ya liƙe tagar nan, Mama?"

"Su ne. Wai kada sanyi ya gudu." Ta yi tari, ta daɗe tana yi, sannan ta goge bakinta da gefen bargo. "Ni tun da aka kawo ni ban san ko gari ya waye ba sai an kawo shayi. A gida a tsakar gida nake wuni. Nan kuwa an sa ni a firji kamar nama. In na yi magana ya ce, Mama hutu ne. To, ga ni ina hutawa."

Mai Sanyi ya zagaya bayan ɗakin don ya duba injin waje. A nan ya ga janareto, an gina masa ɗan ɗaki jikin bangon tsohuwar, bakin salansarsa yana kallon ramin da aka huda don bututun esi. Ramin ba a toshe shi da kyau ba, gefensa ya yi baƙi da hayaƙi. Ya daɗe a tsaye yana kallon wurin, hannunsa a ƙugu. Kusan shekara talatin yana ganin irin wannan yana wucewa. Bai san abin da ya sa ranar ya kasa wucewa ba. Wataƙila gajiya ce, don yin shiru ma aiki ne.

Ya sami manajan a falo ya ce, "Ranka ya daɗe, esin nan ba ƙarama ba ce. Ko ka sa wadda ta ninka ta biyu, tarin Mama ba zai tafi ba. Na'urar nan ba ta kawo iska daga waje. Wadda ke cikin ɗakin take ja ta sanyaya ta mayar, ita ce dai yau, ita ce gobe. In da datti a ciki, dattin take juyawa. A cire kafet ɗin nan, a ɓare tagar a riƙa buɗewa safe da yamma, a ɗauke janareto daga jikin bangon. Ni kuma in wanke wannan, ta isa."

Manajan ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan silifas ɗinsa.

"Malam, likita na kira ko mai gyara?"

"Mai gyara, ranka ya daɗe."

"To likitanta ya ce sanyin ƙirji ne na tsufa, yana ba ta magani. Kafet ɗin nan daga waje na yo odarsa saboda ita. In buɗe taga ƙurar titi da sauro su shigo mata? Za ka sa babbar ko in kira wani?"

"Gara ka kira wani."

Ya faɗe ta a hankali, ba da fushi ba. Ya koma ɗakin, ya wanke ragar duk da ba a sa shi ba, ya busa bututun, ya yi wa tsohuwar sallama. Ta ce ya gaida mutan gida. A hanya babur ya mutu masa sau biyu, ya ƙarasa da turi.

Da ya ba matarsa labari tana tsinke ganye a bakin ƙofa, ba ta ɗago ba ta ce, "Yau kuma wa'azi ka koma? Kai da ko kifi ya fi ka magana."

"Tsohuwar ce ta ba ni tausayi."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ka san irin mutanen nan, in ɗaya ya daina kiranka, abokansa ma sun daina."

Haka kuwa aka yi. Gidaje uku na layin manajan, waɗanda ya saba zuwa duk wata uku, ba su sake nemansa ba. Bai yi mamaki ba, bai kuma bi sawu ba.

Bayan kamar sati biyar, wata safiya yana zaune a ɗan shagonsa, waya ta shigo da lambar da bai sani ba. Matar manajan ce. Ta ce an kwantar da surukarta a asibiti kwana shida, numfashi ya gagare ta har an sa mata abin ƙarin iska. Wata likita ta tambaye su yadda ɗakin da take kwana yake, da suka kwatanta mata ta ce kada a kuskura a mayar da ita ciki sai an gyara.

"Na ji abin da ka faɗa masa ranar, ina kicin," in ji matar. "Don Allah, Baba, ka zo ka yi yadda ka ce. Jibi za a sallame ta."

Ya so ya ce ba shi da lokaci, amma shagon ba kowa, ita ma da alama ta sani. Ya ɗaure tsani ya tafi.

Sabuwar esi ya tarar, babba, wani ya sa ta a kan tsohon ramin bai toshe ba. Wuni biyu ya yi a gidan. Ya sa aka naɗe kafet ɗin, mutum biyu suka fita da shi suna kawar da fuska. Ya kankare bangon ya wanke da ruwan bilic, ya sake wa bututun ruwa hanya, ya cike ramin da siminti. Ya tsaya a kan magina har suka mayar da janareto can bakin katanga. Salatef ɗin tagar da wuƙa ya bi shi, don ya riga ya kama ƙarfen. Da tagar ta buɗe, ƙarar titi ta shigo, da muryar wata mai talla, da ƙamshin wankin maƙwabta. Ya nuna wa matar yadda ake zare raga, ya sa ta yi da hannunta sau biyu, ya ce duk sati biyu ta wanke ta shanya a inuwa.

Manajan ya dawo daga aiki ana gamawa. Ya leƙa ɗakin, ya dubi tayil ɗin da babu kafet, ya dubi tagar. Bai ce komai game da wancan zuwan ba. Ya ce, "An gode, Malam," ya sa direbansa ya taya shi ɗaura tsani. Mai Sanyi bai sa ran fiye da haka ba.

A hawa na ƙarshe na wannan aikin ne gwiwar ta ƙarasa. Yana saukowa ya ji kamar an soka masa ƙusa, ya daure har gida, washegari ƙafar ta kumbura ta ƙi taka ƙasa. 'Yarsa ta zo ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Gwiwa suka je nunawa, amma da likitan ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji sai ya manta da gwiwar, ya tura shi hoto. Da hoton ya fito ya tambaye shi ko yana shan taba. Ya ce ko sau ɗaya bai taɓa sa ta a baki ba. Likitan ya tambayi sana'arsa, ya ji, ya gyaɗa kai, ya ce daga yau shi da ƙura da hawa sama sun yi sallama.

Tsohuwar ta ƙara shekara biyu da wani abu a duniya. Matar manajan takan kira shi jefi-jefi, ta ce an sa wa tsohuwar kujera a bakin tagar, a nan take wuni tana sa wa masu wucewa ido tana ba da rahoto, wane ya sayi mota, wance ta yi ƙiba. Esin kuwa sai zafi ya kai maƙura take yarda a kunna, shi ma na awa ɗaya. Da ta rasu ya je gaisuwa da sanda. Manajan ya riƙe hannunsa ya ɗan daɗe bai saki ba.

Yanzu fanka yake gyarawa a zaune, a bakin shagonsa, biyu ko uku a wuni. In la'asar ta yi ya ja ƙofa, ya taka zuwa gida, yana tsayawa sau biyu a hanya ya huta. Kwanakin baya 'yarsa ta zo ta same shi kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, yana fifita da murfin kwali.

"Baba, zafin bana ya yi yawa. Na yi magana da mijina, za mu sa muku esi a ɗakin nan."

"Wa zai riƙa wankewa?"

"Kai mana. Wa ya fi ka iyawa?"

Ya yi dariya har ta koma masa tari. Da ya lafa ya ce, "A'a, uwata, ku bar shi. Na wanke rabona. In kuna son ku yi mini alheri, ku samo kafinta ya sa wa ƙofar nan raga, in riƙa barinta a buɗe."

Ta ce za ta turo shi ranar Asabar. Ya ce to, ya gyara kwanciya, ya ci gaba da fifita.