Na Toshe Ɗakin Jegon 'Yata Da Hannuna

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ni dillalin kifin banda ne a Yelwa, shekaruna sittin da 'yan kai, kuma mutum ne ni wanda idan ya yanke magana a gidansa ba a ƙara masa ko kalma. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma na shekara arba'in a bakin wutar banda, tun ina bin mahaifina ƙauyukan bakin ruwa na wajen Wara muna sayen ɗanyen kifi muna ƙyafewa. A ganina babu mai koya mini wani abu game da wuta da hayaƙi. Wannan ganin ne ya kusa sa in binne 'yata.

Autata ce, tana aure a ƙasar Shanga, aka kawo ta gida haihuwar fari. Ta sauka lafiya ta sami namiji, a tsakiyar bazara, irin zafin nan namu da ko iskar da ke tasowa daga ruwa ɗumi take kawowa. Ɗakin da aka sa ta rufin kwano ne. Kwana biyu jaririn ya feso da ƙuraje, ita kuma zufa kawai take yi, ga wankan jego safe da yamma. A lokacin kuma ana ta maganar sanƙarau a gari. Tsoro ya kama ni, na shiga kasuwa wajen wani mai kayan lantarki. Ya nuna mini iri biyu. Akwai fanka mai ruwa, wadda ya ce tana son taga a buɗe, akwai kuma esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai taya, mai wani bututu da ake fitarwa ta taga, ya ce ita ce mai sanyin gaske amma sai an rufe ɗaki. Ya tambaye ni girman ɗakin, da ko ina da janareta. Na ce masa ba tambaya na zo amsawa ba, ya ɗauko mini babbar. Ina so idan surukai sun zo barka su san gidan da suka ɗauko mata.

Da hannuna na yi aikin. Na sa falanki a tagar, na huda wa bututun hanya, na buga ƙusoshi. 'Yan ramukan shan iska da magini ya bari a sama na cusa musu tsumma, ƙasan ƙofa na sa buhu. Ɗaki ya ɗauki sanyi, jaririn ya yi barci, ni kuma na fito ina jin kaina.

Sai ga yayata, wadda ita ke kula da jegon. Ta leƙa ta fito tana salati. Ta ce da ni, wai ni da aka haifa a bukkar kara yau ni ne Bature, ko kifi na ɗauki 'yar mutane da zan sa ta a ƙanƙara? Ta ce maijego ɗanyen jiki gare ta, idan sanyi ya shige ta ba ya fita har tsufa, kuma ita ba za a yi wannan a gabanta ba. Na ce Yaya zamani ya canja. Ta ce zamanin ya ci ƙaniyarsa, ko a kashe abin nan ko ta ɗaure kayanta. Matata ta ja ni gefe ta ce Alhaji a bar ko rami ɗaya, ɗaki ba iska kamar tulu. Na ce mata kuɗina ba za su tsiyaye ta rami ba.

A nan na yi sulhun da nake kuka da shi har yau. Na ce esi tana nan, ita kuma Yaya ta riƙa sa kaskon garwashi kusa da gadon don jikin yarinyar ya ji ɗumi. Sharaɗina ɗaya, gawayin ya ruru ya yi ja a tsakar gida, kada a shiga da shi yana hayaƙi. Ni a sanina hayaƙi ne ke kisa, shi nake gani yana sa mutum tari da hawaye a wajen banda. Garwashin da ya yi jajir na ɗauka tsarkakakke ne. Na kuma kafa doka, kada a riƙa buɗe ƙofar nan barkatai.

Kwana biyu ba abin da ya faru, don muna samun wuta kuma na'urar tana jan iska tana fitarwa. Maijegon ta ce mini kanta yana ɗan sarawa, na ce gajiyar haihuwa ce. Rana ta biyar na tafi kasuwa. Da hantsi dangin mijinta suka zo barka, aka fito musu da jaririn rumfa, Yaya ta sabunta garwashi ta ja ƙofa don yarinyar ta samu ta runtsa. Can aka ɗauke wuta. A tsakar gida ba wanda ya lura, ana ta hira da dakan suna. Jaririn ya fara neman nono, matata ta yi ta jijjiga shi, tana cewa a bar uwar ta huta, kuma Alhaji ya hana yawan buɗe ƙofa. Sai da kukansa ya ƙi tsayawa bayan azahar ta shiga.

Ina cikin ciniki maƙwabcina ya zo a kan babur, bai ko yi sallama ba, ya ce in hau. Ban tambaye shi ba, don na ga fuskarsa. Na tarar an fito da 'yata tsakar gida an shimfiɗe a tabarma, mata sun kewaye ta, ana yayyafa mata ruwa. Ta yi amai a jikinta. Na kira sunanta, na girgiza ta, hannunta ya faɗi kamar ba ƙashi. Abin da ya fi firgita ni, fuskarta ba ta nuna ciwo ba, kamar mai barci mai daɗi. Wata tana cewa iska ce, a kira malam, Yaya ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka ta kasa ko kuka. Na leƙa ɗakin, numfashi biyu na ja na ji kaina ya juya, na dafa bango. Babu hayaƙi ko kaɗan. Kaskon yana nan, toka ta lulluɓe shi.

A motar da ke ɗaukar mini kifi muka kai ta asibiti. Kanta yana kan cinyata, na sa yatsa a ƙasan hancinta duk hanyar, wani lokaci in ji numfashi, wani lokaci in rasa. Na karanta duk abin da na haddace, har ina haɗa surori. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da nisa ba sai ranar. Aka sa mata robar iska a hanci. Likitan, yaro ne sa'an ɗana, ya tambaye ni abin da ke cikin ɗakin, na faɗa masa. Ya ce Baba garwashi yana fitar da wata guba da ba a gani, ba a jin warinta, a fili iska ke kwashe ta, shi ya sa ban taɓa saninta a wajen banda ba. Ya ce da jaririn yana ciki da ba a kawo shi nan da rai ba. Sannan ya tambayi wanda ya toshe ɗakin. Ga mijinta tsaye, ga matata. Na ce ni ne.

Sai washegari ta buɗe ido. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi uwarta ko ta haihu ne. An yi suna tana gadon asibiti. Ta yi watanni da ciwon kai da mantuwa, ta aza tukunya ta manta, ta ajiye abu ta yi ta nema. Alhamdu lillahi yanzu da sauƙi sosai, yaron har ya shiga makaranta. Yaya kuwa har ta koma ga Allah tana cewa ita ce ta yi, duk da na sha gaya mata ita ɗumi ta kawo, wanda ya hana iska shiga ni ne.

Ba na ce na'urar nan mugun abu ce ba, zafin ƙasarmu ma yana kisa. Amma duk mai niyyar saye, ya tsaya ya amsa tambayoyin mai sayarwa, ya kuma tambayi kansa yadda ɗakin zai zama idan an ɗauke wuta. Kada garwashi ko janareta su kusanci rufaffen ɗaki, ko na turare ne, ko na minti kaɗan ne. Idan na ciki ya ce kansa yana ciwo, a buɗe ƙofa kafin a nemi magani. Ku kuma dattawa 'yan uwana, idan matar gida ta ce a bar rami ɗaya, ku bari.

'Yata ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Sai dai kwanakin nan bakwai na farkon ɗanta babu su a kanta ko ɗaya. Wani lokaci idan ta zo gida takan zauna kusa da ni ta ce Baba ba ni labarin ranar da na haihu, wa ya fara ɗaukarsa, wa ya yi masa huɗuba. Nakan ba ta, tana murmushi tana saurare kamar labarin wata. Ni ne na yi huɗubar. Ku sa ni a addu'a.