Ranar da Allurar Yaya Ta Tsaya Cak

Allah ya ba ni murya, ban roƙa ba. In na ɗauki waƙar da na rubuta da ajami na fara rerawa a unguwarmu Komah, mahauta a bakin kasuwa sukan amsa amshi. Wannan muryar ce ta sa yayana ya hana ni kusantar rediyonsa.

Shi mai gyaran rediyo ne, yana da lasisin magana ta iska. Ya haɗa na'urar ƙara ƙarfi da hannunsa, mai kwalbar gilashi a ciki, yana ce mata lampu. Guda ɗaya ta rage masa, kuma ba a samun irinta a Sokode. Ya ce akwai 'yar wuta da ke riƙe lampun kamar igiyar hancin bijimi. Tasa igiyar sako-sako ce: da an ɗaga murya sai allurar awo ta hau rawa, magana ta fita kamar kukan akuya, cikin lampun ya fara ja.

Ni kuwa so nake tsohon malaminmu da ke Dapango ya ji sabuwar waƙata. Kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin wayar hannu, amma maƙwabcinsa abokin Yaya ne, yana da rediyo mai ƙatuwar lasifika.

"Rera a hankali," in ji Yaya.

"Yaya, a hankali ai Malam ba zai ji ba."

"To, ka hau mota. Lampuna ba zai mutu a kan baitinka ba."

Na bi shi da magiya har ya gaji. Wata ranar Juma'a ya kira ni, ya nuna mini wasu 'yan ƙwayoyi kamar wake da ya jera da dalma. Sunansu zena, su za su riƙe wutar kada ta motsa. Na yi musu bismilla, har na tofa musu addu'a. Ya ce in tofa daga nesa.

Bayan la'asar abokin ya amsa daga Dapango, ya ce ga Malam a kan tabarma. Na fara ƙasa-ƙasa, idona a kan allura. Ba ta motsa ba. Na ƙara. Shiru! Sai na saki muryar gaba ɗaya, kaji suka watse a tsakar gida, Yaya ya durƙusa yana leƙen lampu yana ta "Ƙara! Ƙara, ɗan banza!" Ina rerawa ina dariya, har na tsallake baiti na komo.

Na gama. Lasifika ta yi ƙara, sai ga muryar Malam.

"Kai, ɗan nan, na ji, Allah ya yi albarka. Amma wa ya ce maka na kurumce? Mutanen garin Bombuwaka can nesa ma sun ji!"

Yaya ya shafa murfin na'urar, ya miƙo mini makirfo.

"Maimaita masa," ya ce.